Zancen Zuci a Filin Golf: Abin da Ke Kayar da Gwani Ranar Gasa

A cikin wasannin da ake yi da ƙwallo, da wuya a sami wanda ya kai golf, wato ƙwallon lambu kamar yadda wasu kafofin labarai ke kiransa, kama da shan iska a idon ɗan kallo. Wanda ya taɓa bi ta gefen filayen wasan a Kano ko Kaduna, ko na Rayfield a Jos, ko na IBB a Abuja, abin da zai gani shi ne mutane suna tafiya sannu a kan ciyawa, wani na biye da su da jakar sanduna. Babu gudu, babu gumurzu, babu mai tare ka balle ya sa maka ƙafa. Ƙwallo tana nan kwance tana jiranka, ramin da za ka jefa ta kuma, mai faɗin inci huɗu da kwata, ba ya motsi. Duk da haka tarihin wasan cike yake da gwanayen da hannunsu ya ci amanarsu a daidai lokacin da kofi ya zo musu har bakin ƙofa. Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, kuma abin da ya ja hankalina ga wannan al'amari shi ne, a ganina, yawancin wannan faɗuwa daga harshe take farawa: zancen da ɗan wasa ke yi da kansa a zuci.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Fili yana da rami 18, kowane rami da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon nisansa. Manyan gasanni kwana huɗu ake yi, rami 72 ke nan, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne zakara. Zagaye ɗaya kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar, alhali lilon sanda sau ɗaya bai wuce daƙiƙa biyu ba. Idan mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa ainihin bugun da gwani ke yi a yini guda bai cika minti uku ba. Sauran awannin duk tafiya ce da jira da saƙe-saƙe. Ɗan ƙwallon ƙafa ba ya samun wannan sarari, domin kafin ya yi tunani ƙwallo ta iso. Ɗan dambe kuwa kiɗa da kirari sun cika masa kunne kafin ya shiga fage. Shi ɗan golf shiru ake yi masa, har masu kula da 'yan kallo kan ɗaga hannu a daina motsi, a bar shi daga shi sai muryar da ke cikin kansa.

A shekarar 1996, a gasar Masters da ake yi kowane Afrilu a Augusta ta ƙasar Amurka, Greg Norman na Ostireliya, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a duniya, ya shiga ranar ƙarshe yana gaban kowa da bugu shida. Mutumin da ya buga 63 a ranar farko, sai ga shi ya buga 78 ranar Lahadi. Nick Faldo na Ingila ya buga 67, ya wuce shi da bugu biyar, ya kuma rungume shi a rami na ƙarshe kamar mai yi masa ta'aziyya. Bayan shekara uku, a gasar Open ta Birtaniya ta 1999 a Carnoustie da ke Sikotilan, Jean van de Velde na Faransa ya tsaya a farkon rami na ƙarshe yana gaba da bugu uku. Ramin na bugu huɗu ne, ko shida ya yi kofi nasa ne, kuma da ya zama Bafaranshe na farko da ya ci gasar tun 1907. Bugunsa na biyu ya daki ƙarfen rumfar 'yan kallo ya dawo cikin doguwar ciyawa, na uku ya faɗa rafi. Duniya ta kalle shi a talabijin ya tuɓe takalma da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana duban ƙwallonsa. Da bakwai ya gama ramin, aka tafi raba gardama, Paul Lawrie, wanda ya wayi gari yana baya da bugu goma, ya ɗauke kofin. Akwai rashin sa'a a labarin Van de Velde, babu musu. Amma na Jordan Spieth a Masters ta 2016 ba shi da rumfar da za a ɗora wa laifi: yana gaba da bugu biyar saura rami tara, ya jefa ƙwallo ruwa sau biyu a rami na 12, ya yi bugu bakwai a ramin da aka ƙayyade wa uku.

Mu nan idan irin wannan ta faru, hukuncinmu a shirye yake. Sai mu ce ya tsorata, ko ba shi da zuciya, mu kawo karin maganar nan cewa faɗuwar gaba asarar namiji. Ni wannan hukunci bai gamsar da ni ba. Mutumin da ya yi shekaru yana wasa a gaban dubban mutane, ya ci manyan kofuna, ba za a ce rago ba ne. Masana halayyar ɗan Adam da suka bibiyi lamarin, tun daga Roy Baumeister a 1984, wata hanya suka nuna. Idan abu ya yi wa mutum muhimmanci ƙwarai, yakan ƙara kula, kuma ƙarin kular kan sa ya juyo da hankalinsa kan gaɓoɓinsa, ya fara bin aikin da jiki ya daɗe da haddacewa daki-daki, yana ba kansa umarni: riƙe sandar haka, kada kafaɗa ta riga hannu, kada ka ɗaga kai. Abin da ke gudana a dunƙule sai ya wargaje ya koma gutsi-gutsi, kamar ranar da aka fara koyonsa.

Wannan bayani ba baƙo ba ne ga mai nazarin harshe. Yaro Bahaushe ɗan shekara biyar yana cewa “ya saya”, “ya saye shi”, “ya sayi doki”, yana sauya wasalin ƙarshen aikatau gwargwadon abin da ya biyo baya, da karin sautinsa da tsawon wasalinsa, ba tare da kuskure ba. Sai a 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatau na Hausa aji bakwai, yaron kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Ka sami babban mutum mai fasahar magana, ka ce masa ya yi jawabi amma ya riƙa lura da ƙarshen kowane aikatau kafin ya furta shi, za ka ga harshensa ya sarƙe. Stephen Krashen, masanin koyon harshe na biyu, ya yi bayanin wani mai gadi da ke cikin kan mai koyo, wanda ke duba jimla da ma'aunin nahawu kafin ta fita. Mai gadin yana da amfani wajen rubutu da gyara, amma wanda ya sakar masa ragama a tsakiyar hira sai ya koma mai in'ina, ko da ya fi kowa sanin dokokin. Haka mahaddacin da ke zuba karatu kamar ruwa: tsayar da shi a tsakiyar aya ka tambaye shi kalma ta gaba, sau da yawa sai ya koma farko ya ɗauko. Ilimin yana nan daram, sai dai ba a ajiye shi a inda tambaya ke nemansa ba.

An gwada wannan a kan 'yan golf, kuma ba sau ɗaya ba. A 2002 Sian Beilock da abokan aikinta sun sa gogaggun 'yan wasa su gangara ƙwallo zuwa wata alama ta hanya biyu. A ɗaya an ce su lura da motsin sandarsu, su furta kalma daidai lokacin da ta tsaya. A ɗayar an ba su wani aiki daban, wato sauraron wani sauti a cikin sautuka. Sun fi dacewa sa'ad da hankalinsu ke kan sautin. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Kristin Flegal da Michael Anderson a 2008. Bayan 'yan wasa sun yi bugunsu, sai aka ce wasu su ɗauki minti biyar suna bayyana yadda suka yi shi da kalmomi, wasu kuma aka ba su aikin da bai shafi golf ba. Da aka koma fili, gwanayen da suka yi bayani sai da suka yi kusan ninki biyu na yunƙurin takwarorinsu kafin su dawo daidai. Masu ƙarancin ƙwarewa kuwa bayanin bai cuce su ba. Ashe fassara gwaninta zuwa kalmomi, ita kaɗai, ta isa ta dagula ta na ɗan lokaci. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, ga shi nan ya tabbata ko da bakin bai buɗe wa kowa ba sai mai shi.

Tun kafin waɗannan, a 1992, Richard Masters ya raba sababbin masu koyo. Wasu an ba su rubutattun dokokin gangara ƙwallo, wasu kuma an shagaltar da su da ambaton haruffa barkatai suna cikin atisaye, don kada su sami damar ƙirƙira wa kansu dokoki. Da aka saka su cikin matsi, waɗanda suka koya ba tare da tarin dokoki ba sun fi jurewa. Dalilin a fili yake: wanda ba shi da jimlolin da zai koma wa ranar tashin hankali, dole ya bar jikinsa ya yi abin da ya saba.

Akwai kuma wata kalma guda da nake ganin ta fi kowace haɗari a bakin ɗan wasa, ita ce “kada”. Daniel Wegner, wanda ya shahara da gwajin nan na 1987 inda aka ce wa mutane kada su yi tunanin farin beyar sai tunanin ya addabe su, ya kawo gwajinsa kan golf a 1998. An gargaɗi masu bugu kada ƙwallo ta wuce alama, kuma waɗanda aka ɗora wa nauyin riƙe wasu lambobi a ka sun fi wuce ta. Wasu masu bincike daga baya sun ga akasin haka, wato mutum ya yi ta kaffa-kaffa har ƙwallo ta kasa isa. Ko wanne ne ya faru, gargaɗin ne ya ja akalar bugun. Dubi jimlar nan da kyau: “kada ka jefa ta ruwa”. Kalmar “ruwa” tana da hoto, tana da sanyi da ƙyalli. Kalmar “kada” ba ta da hoton komai. Ɗan wasan da ya tsaya a gaban rafi yana nanata wannan jimla, rafin yake zana wa kansa, sandar kuma bin abin da aka zana take yi.

Hatta sunan da aka ba bugu yana da tasiri. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Devin Pope da Maurice Schweitzer, sun nazarci gangarawa fiye da miliyan biyu da rabi ta ƙwararrun Amurka, waɗanda aka auna nisansu da na'ura. Sun gano cewa daga nisa iri ɗaya, 'yan wasa, har da Tiger Woods, sun fi jefa ƙwallo idan bugun na tsira da ƙa'idar rami ne, a kan idan na samun rarar bugu ɗaya ne. A lissafin ƙarshe bugu ɗaya bugu ɗaya ne, amma da zuciya ta kira ɗaya “asara” ɗayan kuma “riba”, sai hannu ya bambanta su. Wannan ya nuna cewa matsi ba kullum yake ɓata aiki ba, wani lokaci yakan kaifafa hankali. Inda gizo ke saƙar shi ne inda aka nufa da hankalin: ramin, ko kuwa wuyan hannu.

Idan abin ya yi tsanani yakan zama ciwo mai suna. Turawa na ce masa “yips”, kalmar da ake danganta wa tsohon gwani Tommy Armour: hannu ya fizge ko ya sandare a kan ɗan bugun da yaro zai iya. Bernhard Langer na Jamus ya yi fama da shi a lokuta daban-daban na rayuwarsa, yana sauya yadda yake riƙe sanda, kuma duk da haka ya ci Masters a 1985 da 1993. Likitoci na ganin wani kason ciwon na jijiya ne, wani kuma na fargaba. Sauya riƙo kan taimaka ne domin yana raba hannu da tsohuwar hanyar da tsoro ya riga ya san ta.

To, mene ne magani? Babu wanda zai iya kashe zancen zuci, kuma wanda ya ce wa kansa “daina tunani” ya faɗa tarkon “kada” ke nan. Abin da gwanaye ke yi shi ne ba maganar lokacinta da iyakarta. A bayan ƙwallo ake shawara da mai ɗaukar jaka: nisa nawa, iska daga ina, wace sanda. Da an yanke, an rufe taro. Daga nan sai jerin 'yan ɗabi'un da ɗan wasa ya saba yi kafin kowane bugu, iri ɗaya a atisaye da ranar gasa, don jiki ya ji kamar yau ma jiya ce. Joan Vickers ta Kanada ta nuna cewa gwanaye kan kafe idonsu a kan ƙwallo na tsawon lokaci fiye da na masu koyo kafin su buga, ba sa yawo da shi. Wani gwaji da Daniel Gucciardi da James Dimmock suka yi a Ostireliya a 2008 ya ƙara haske: gogaggun da suka riƙe kalmomi uku na sassan jiki sun lalace a cikin matsi, waɗanda suka riƙe kalma guda mai nuna yanayin bugun baki ɗaya, kamar a ce “sumul”, sun fi kowa. Mai nazarin harshe zai lura cewa irin wannan kalma ba umarni ba ce. Hausa ma tana da su jibge, irin su “cak” da “tsaf” da “sumul”, waɗanda ke ɗauke da hoton aiki a dunƙule ba tare da sun yanka shi gunduwa-gunduwa ba.

Labarin Rory McIlroy na Ailan ta Arewa ya tattara duk wannan. A Masters ta 2011, yana ɗan shekara 21, ya shiga ranar ƙarshe da ratar bugu huɗu, ya buga 80. Bayan wata biyu ya ci gasar Open ta Amurka da ratar bugu takwas, abin da ya nuna cewa gwanintar ba ta je ko'ina ba. Ya ci manyan kofuna huɗu zuwa 2014, daga nan ƙofa ta rufe shekara goma sha ɗaya, kuma kowane Afrilu tambaya ɗaya 'yan jarida ke yi masa. A Open ta Amurka ta 2024 a Pinehurst ya zubar da gangarawa biyu a ramuka uku na ƙarshe, ɗaya ba ta kai ƙafa uku ba, ɗaya ba ta kai huɗu ba, Bryson DeChambeau ya doke shi da bugu ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar ƙarshe ta Masters ta 2025 ma ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya yi asarar bugu biyu a ramin farko, ya jefa ƙwallo rafi a na 13, ya kuma kuskure gangarawar da za ta ba shi kofi a na 18, aka tafi raba gardama da Justin Rose. A wannan tsakanin, kamar yadda shi McIlroy ya faɗa daga baya, mai ɗaukar jakarsa kuma abokinsa tun yarinta, Harry Diamond, ya tuna masa cewa da a safiyar Litinin aka yi musu tayin wannan matsayi, da hannu biyu za su karɓa. Bai ce masa komai game da kafaɗa ko riƙon sanda ba, bai kuma ce “kada” ba. Suna kawai ya sauya wa halin da suke ciki, daga kofin da ya suɓuce zuwa damar da aka samu. McIlroy ya ci ramin, ya zama mutum na shida da ya haɗa manyan kofunan nan huɗu, bayan Gene Sarazen da Ben Hogan da Gary Player da Jack Nicklaus da Tiger Woods. Fargabar ba ta bar shi ba ranar nan, duk wanda ya kalla ya gani. Abin da ya samu shi ne iya komawa bugu na gaba bayan kowane tuntuɓe.

Yawancin masu karanta wannan shafi ba za su taɓa tsayawa a Augusta ba, amma kowannenmu yana da nasa rami na 18. Lauya a gaban alƙali, likita a ɗakin tiyata, ɗalibi a gaban masu jarrabawar baka, yarinya a dandalin musabaƙa, duk aikin da suka haddace ne ake nema su yi a ranar da ido ya yi yawa. Mu kuma iyaye da malamai da shugabannin ma'aikatu, me muke ce musu a bakin ƙofa? “Kada ka ba mu kunya.” “Ka tuna duk abin da na gaya maka.” Da kyakkyawar niyya muke ɗora musu abu biyun da bincike ya nuna sun fi cutar da gwani, wato hoton faɗuwa da tarin dokoki. Gyara da bayani da sukar aiki suna da wurinsu, kuma wurin nan shi ne lokacin koyo, inda kalmomi ke gina mai koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ranar ta zo, wanda ya shirya ba ya bukatar komai daga gare mu sai kalma guda mai sanyi da addu'a.

Haka kuma ya kamata mu sassauta hukunci a kan wanda ya iya amma ya faɗi a bainar jama'a. Sau da yawa yawan damuwarsa da abin ne ya kayar da shi, kuma tambarin “rago” da muke manna masa wata sabuwar jimla ce da zai ɗauka ya shiga da ita fage na gaba. Da 'yan uwan McIlroy da masu horar da shi sun yi masa haka a 2011, da wataƙila tarihin wasan ya rasa abin da ya gani bayan shekara goma sha huɗu. Allah ya ba mu ikon sanin lokacin magana da lokacin shiru, amin.